Murhu da Tukunya: Karantar da Yara Ilimin Zafi a Madafi

Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin tagar ajin firamare a sa'ar da ake darasin kimiyya, ya ji yara suna rerawa bayan malami cewa kowane abu yana da hali uku, watau daskararre da mai ruwa-ruwa da mai kama da iska, sa'an nan ya tare ɗaya daga cikinsu a hanyar gida ya tambaye shi dalilin da ya sa ruwan randa ya fi na bokitin roba sanyi alhali a inuwa ɗaya suka wuni, lalle zai gane cewa tsakanin hadda da fahimta akwai tafiya mai nisa. Uzurin da aka saba kawowa shi ne rashin ɗakin gwaje-gwaje da kayan aiki, kuma uzuri ne mai gaskiya a cikinsa, domin makarantun ƙauye da yawa ko kujerun zama ba su wadata da su ba. Amma idan aka yi nazari za a tarar babin zafi da sauyawar halin abubuwa yana cikin babukan da ba su buƙatar kayan Turai ko kaɗan, tun da yake babu gidan da ba a hura wuta a cikinsa, kuma babu ranar da za ta fito ta faɗi ba a narkar da mai, ko an tafasa ruwa, ko an turara dambu a gaban idon yara ba.

Asalin wannan ra'ayi

Ba yau aka fara tunanin karantar da yara kimiyya da abin da ke kusa da hannunsu ba. Michael Faraday, ɗan maƙeri ne da ya fara rayuwa a shagon ɗinkin littattafai kafin ya zama ɗaya daga cikin manyan masanan Ingila, ya tara yara a Landan ya yi musu lacca shida a kan kyandir guda ɗaya, yana nuna musu yadda kakin yake narkewa, ya hau lagwani, ya zama tururi, sa'an nan ya ci wuta; an buga laccocin nan a littafi a shekarar 1861, kuma har yau ana karanta su. A nahiyarmu kuwa, a birnin Kano aka yi wani taro a shekarar 1965 wanda ya haifar da shirin koyar da kimiyya a makarantun firamare na Afirka, wanda ginshiƙinsa shi ne yaro ya taɓa abu da hannunsa, ya gwada, ya yi tambaya, da kayan da ake samu a garinsu. Shekaru da yawa sun wuce, manhajoji sun sauya, amma allo da alli da hadda sun sake rinjaye a mafi yawan azuzuwa, har ya zama wajibi a sake tuna wa malamai da iyaye abin da aka riga aka gano tun wancan zamani.

Hujjar wannan hanya a fili take. Uwar da ta shekara ashirin tana girki ta san cewa tukunya a rufe ta fi saurin tafasa, ta san ruwan miya yana tsotsewa idan aka bar shi a kan wuta, ta san ba a tuƙa tuwo da cokalin ƙarfe. Abin da ya rage kawai shi ne a mayar da wannan sani ya zama tambaya, a sa masa awo, a nemi illarsa da sababinsa. Yaro kuma, idan ya ga abu da idonsa kafin a ba shi sunansa, sunan yakan sami wurin zama a zuciyarsa, gani kuwa ya kori ji.

Narkewa da daskarewa

Mafi sauƙin darasi shi ne na mai, kuma hunturu ne lokacinsa. A sa yaro ya ɗebo ɗan man shanu da man kaɗe da man ja da man gyaɗa, kowanne a murfin kwalba, ya jera su a tire da sassafe, ya faɗi wanda ya daskare da wanda yake gudana, sa'an nan a tambaye shi wanne yake zaton zai riga narkewa idan an kai su rana. Wannan tambaya ta gabanin gwaji ita ce ruhin aikin duka, domin yaron da ya furta zatonsa ya riga ya sa ransa a cikin al'amarin, zai tsaya ya ga ko abin zai gaskata shi ko zai ƙaryata shi. Idan hantsi ya yi zai ga man ja ya saki, man shanu ya kwanta ya zama ruwa, man kaɗe yana jan ƙafa, ya kuwa ɗora ɗan man kaɗen a tafin hannunsa ya ga ɗumin jikinsa ma yana narkar da shi. Da yamma kuma, in aka mayar da su wuri mai sanyi, su sake kamewa. A nan zai fahimci abu biyu: kowane abu yana da nasa matakin zafi da yake narkewa a kansa, kuma abin da ya narke bai zama wani abu dabam ba, man shanu ne dai a hali na biyu.

Malaman fiƙihu sun daɗe da lura da wannan ma'ana, domin a Mukhtasar na Shehu Khalil, wanda ɗalibai suke karantawa a zaurukan ƙasar Hausa, an yi bayanin cewa ruwan da aka tara daga raɓa, da wanda ya narke bayan ya daskare, duk suna nan a kan hukuncin ruwa mai tsarkakewa. Yaron da ya ji wannan mas'ala a makarantar Islamiyya, idan aka haɗa masa ita da ƙanƙarar da ke narkewa a kwano, zai ga cewa karatun nan biyu a kan halitta ɗaya suke magana.

Ƙanƙara tana da nata abin mamaki. Kusan dukan abubuwa suna tsukewa idan sun daskare, amma ruwa kumbura yake yi da kimanin kashi 9 cikin 100, shi ya sa kwalbar da aka cika maƙil aka manta da ita a injin ƙanƙara take fashewa, shi ya sa kuma ƙanƙara take yawo a saman ruwa ba ta nutsewa. Yaro zai iya tabbatar da haka idan ya zuba ruwa a gorar roba, ya yi alama da zare a inda ruwan ya tsaya, ya duba washegari. Idan an sami ma'aunin zafi irin na girki, a tsoma shi cikin kwanon da ƙanƙara take narkewa, za a ga ya tsaya a kan sifiri ba ya motsi muddin da sauran ƙanƙara, ko da kwanon yana rana. Joseph Black, malami a Jami'ar Gilasgo ta Sikotilan, shi ya warware wannan sirri wajen shekarar 1761, ya nuna cewa zafin da ke shiga ƙanƙara a lokacin narkewa yana tafiya ne wajen kwance ɗaurin da ke tsakanin ƙwayoyinta, ba ya bayyana a ma'auni. Kuma zafin da zai narkar da kilo ɗaya na ƙanƙara ya isa ya ɗaga ruwa mai wannan nauyi daga sifiri zuwa digiri 80. Gwajin da yara suka fi so a wannan babi shi ne a daka ƙanƙara, a barbaɗa mata gishiri mai yawa a cikin roba, a binne ƙaramar leda mai kunun aya a tsakiya, a yi ta girgizawa. Gishiri yana sa sanyin cakuɗin ya sauka ƙasa da sifiri ƙwarai, har ya iya kaiwa wajen digiri 20 ƙasa da shi, sai kunun ya daskare a sha.

Tafasa da tururi

Idan aka ɗora ruwa a murhu, ya kamata a sa yaro ya tsaya daga nesa kaɗan ya faɗi abin da yake gani bi da bi, ba tare da an riga shi magana ba. Da farko ƙananan kumfa za su manne a gindin tukunya da gefenta, waɗannan iska ce da ta narke a cikin ruwan take fita. Sa'an nan tukunya ta fara ƙara a hankali, domin kumfan tururi suna tasowa daga ƙasa suna mutuwa kafin su kai sama inda ruwan bai yi zafi ba tukuna. Daga ƙarshe manyan kumfa su riƙa ɓullowa suna fashewa, ruwa ya tafasa. A bakin teku, kamar Legas, wannan yana faruwa a digiri 100 na ma'aunin da ake jingina wa Anders Celsius, masanin ƙasar Suwidin da ya tsara shi a shekarar 1742. Amma gwargwadon hawan mutum tudu gwargwadon raguwar nauyin iskar da ke danne fuskar ruwan, sai ya tafasa da wuri, kimanin digiri ɗaya a kowace mita 300. Saboda haka a Kano yana tafasa a sama da digiri 98 kaɗan, a Jos kuwa, wadda ta haura mita 1,200, a wajen digiri 96, abin da ya sa wake yake ɗan ƙara jinkirin nuna a can. Tukunyar nan mai kulle tururi, wadda Denis Papin Bafaranshe ya ƙirƙiro asalinta a shekarar 1679, akasin haka take yi, tana tsare tururin har zafin ciki ya kai wajen digiri 120, ganda ta yi laushi cikin ɗan lokaci.

Akwai fa'ida babba a nan ga gidan da itace ko gawayi ko gas yake cin kuɗinsa. Da zarar ruwa ya tafasa, iza wuta ba ya ƙara masa zafi ko digiri ɗaya, sai dai ya gaggauta ƙonewarsa. Uwar da take cewa, “Ke, rage wutar nan, ai ta riga ta tafaso,” tana kan gaskiyar kimiyya. Yaro mai agogo zai iya auna wannan da kofi ɗaya na ruwa: ya rubuta mintocin da ya ɗauka kafin ya tafasa, sa'an nan ya rubuta waɗanda ya ɗauka kafin ya ƙafe ƙarƙaf a kan wuta ɗaya, zai tarar na biyun ya ninka na farkon sau da yawa, domin mayar da tafasasshen ruwa tururi yana cin zafi fiye da ninki biyar na wanda ake buƙata a ɗaga shi daga sifiri zuwa tafasa. Wannan ɓoyayyen zafi da tururi yake ɗauke da shi, shi ne yake dafa dambu a madambaci da alala a gwangwani, shi ne kuma ya sa ƙunar tururi ta fi ta ruwan zafi muni. Ruwa idan ya zama tururi yana neman wuri kusan ninki 1,700 na wanda yake ciki, kuma da wannan ƙarfi ne ɗan danshin da ke cikin ƙwayar masara yake fasa ɓawonta ta zama gugguru, da shi ne kuma ɗigon ruwa yake tartsatsi idan ya faɗa cikin man tuyar ƙosai, wanda zafinsa ya wuce na tafasar ruwa nesa.

Sai bayan yaro ya ga waɗannan duka ya dace a gaya masa cewa kowane abu an gina shi da ƙwayoyin zarra waɗanda ido ba ya gani, kuma zafi motsinsu ne. Misalinsu kamar almajirai ne: a daskararre suna zaune a sahu kowa yana rausaya a wurinsa, a narkakke sun miƙe suna cuɗanya a cikin zaure, a tururi kuwa an tashe su kowa ya kama gabansa.

Ɗigon da ke ƙarƙashin marfi

Babu gwajin da ya kai wannan sauƙi da yawan ma'ana. A dafa zoɓo mai ja sosai, a narkar da gishiri a ciki har ya yi ɗaci, a rufe da marfi mai tsabta. Bayan ɗan lokaci babba ya ɗaga marfin da tsumma, ya karkata shi a kan farin faranti. Ɗigon da zai gangaro fari ne tas, idan ya huce yaro ya ɗanɗana ba zai ji gishiri ba, domin ruwa kaɗai ya tashi, ya bar launi da gishiri a tukunya, ya tarar da marfi mai sanyi ya koma ruwa. Wanda ya gane wannan ya gane yadda rana take ɗaga ruwan teku mai gishiri, ya zama girgije, ya sauko ruwan sama mai daɗi. Ya kuma gane asalin sana'ar tace turare da ruwan wardi, wadda Alkindi ya yi talifi a kanta a Bagadaza a ƙarni na tara, Abubakar Arrazi kuma ya siffanta kayan aikinta a bayansa.

Ɗaya gefen gwajin shi ne a zuba ruwan gishiri a baƙin faranti a bar shi a rana, bayan kwana ɗaya ko biyu yaro ya tarar da ƙananan duwatsun gishiri masu kusurwa huɗu suna ƙyalli. Da haka mutanen Balma da Fashi a Nijar suke samun gishirin da ayarin raƙuma yake ɗaukowa ya ratsa Tenere da shi, rana ce take ƙafar musu da ruwan a ramuka. Matan Keana da Awe a Jihar Nasarawa kuwa dafa ruwan gishirin suke yi a kan wuta har ya tsotse. Haka kuma masu mazarƙwaila suke dafa ruwan rake har ya yi kauri, su zuba a kwanoni ya daskare. Idan yaro ya ce ruwan da ke jikin gorar sanyi daga ciki yake tsattsafowa, kada a yi masa gardama, a ba shi gorar zoɓo mai sanyi da farin ƙyalle ya goge ya gani ko zai yi ja. Daga nan zai yarda cewa iskar ɗakin ce take ɗauke da danshi, kuma zai lura cewa gorar tana jiƙewa sharkaf da damina, da hunturu kuwa da ƙyar take yin raɓa.

Randa da hunturu

Randa tana naso, ruwan da ya fito ta ƙananan ƙofofin yumɓu yana bin iska, kuma kowane ɗigo da ya tashi sai ya ɗebi zafin da zai tashi da shi daga jikin randar, ruwan ciki ya yi sanyi. Haka salka take aiki, haka kuma zufa take sanyaya jikin ɗan Adam. Gwajinsa gora biyu ne masu ruwa iri ɗaya, a naɗe ɗaya da jiƙaƙƙen tsumma, a rataye su a inuwa inda iska take kaɗawa, a taɓa su bayan sa'a guda. A kan wannan ƙa'ida Malam Mohammed Bah Abba, wanda ya fito daga gidan maginan tukwane kuma ya koyar a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jihar Jigawa a Dutse, ya yaɗa dabarar tukunya cikin tukunya, inda ake zuba jiƙaƙƙen yashi a tsakaninsu a rufe da danshin tsumma, kayan lambu su yi kwanaki ba su lalace ba a ƙauyen da babu lantarki. Wannan aiki ya sa aka ba shi lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Ya kamata kowane yaro a ƙasar Hausa ya san wannan labari, ya kuma haɗa irin tukwanen da hannunsa, ya sa tumatir ɗaya a ciki ɗaya a waje ya riƙa dubawa kullum.

Yadda zafi yake tafiya

Hanyoyin tafiyar zafi uku ne, kuma duk suna nan a gindin murhu. A tsoma cokalin ƙarfe da muciya da ludayin duma a kwanon ruwan zafi, a manna ɗan man shanu a ƙarshen kowanne, a ga wanda nasa zai riga zamewa. Ƙarfe yana miƙa zafi daga ƙwaya zuwa ƙwaya da sauri, itace kuwa yana riƙe shi. A jefa 'yan ƙwayoyin gero a ruwan da ke shirin tafasa, a ga suna hawa ta tsakiya suna sauka ta gefe, domin ruwa mai zafi ya fi sauƙi sai ya taso, mai sanyi ya maye gurbinsa. Na uku shi ne ɗumin da yake dukan fuskar mai jin wuta daga nesa, wanda idan aka sa faifai a tsakani sai ya yanke nan take, kuma ta wannan hanya zafin rana yake iso mu. Daga ƙarshe a nuna wa yaro cewa ba kowane sauyi ne yake komawa ba: kitse yana narkewa ya sake daskarewa, amma dafaffen ƙwai ba ya komawa ɗanye, tuwo ba ya komawa gari, toka ba ta komawa itace, domin a waɗannan ainihin abin ne ya sauya.

Sharuɗɗan kiyaye lafiya

Wuta ba abin wasa ba ce, saboda haka sharaɗi na farko shi ne babba ne kaɗai yake ɗaga marfi, yake sauke tukunya, yake kusantar mai mai zafi, yaro kuwa nasa kallo da awo da rubutu. Ƙanana ƙwarai a tsayar da su ga gwajin rana da ƙanƙara da randa. Kada a tsoma ma'aunin zazzaɓi a ruwan zafi, domin bai wuce digiri 42 ba, zai fashe, zaibar da ke cikin irin na gilashi kuwa guba ce. Kada a dafa komai a gwangwani ko kwalba da aka toshe. Idan mai ya kama da wuta a rufe shi da marfi, kada a watsa masa ruwa. Idan wani ya ƙone a yi ta kwarara wa wurin ruwa mai sanyi kimanin minti 20, ba a shafa ƙwai ko man goge baki ko gishiri, sa'an nan a nemi asibiti. A kuma yi amfani da wannan dama a gargaɗe su game da shiga da garwashi ɗaki a rufe ƙofa da taga lokacin sanyi, domin gawayi yana fitar da iska mai kisa wadda ba ta da launi ba ta da wari.

Abin da ya rataya a wuyan malamai da iyaye

A gidajenmu da yawa yarinya ce take wuni a madafi, yaro namiji kuwa ana korarsa daga wurin, sai ya zama ita tana da gani ba a tambaye ta dalili ba, shi kuma yana da haddar littafi bai ga abin da ake nufi ba, duka biyun sun yi hasara. Gyaran wannan ba ya cin kuɗi. Malami ya ba da aikin gida na gwaji ɗaya a mako, ya sa kowane ɗalibi, mace da namiji, ya rubuta abu uku a littafinsa: abin da ya zata, abin da ya gani, da dalilin da yake tsammani; ranar darasi a saurari kowa da Hausa, a bar su su yi muhawara, sa'an nan a kawo sunayen da jarrabawa take nema. Kwalejojin horon malamai su sa ɗalibansu su yi waɗannan gwaje-gwaje da hannunsu kafin a ba su shaidar koyarwa, marubuta kuma su tsara ƙananan littattafai masu zane a kan randa da gishiri da gugguru, waɗanda uwa za ta iya karantawa tare da 'ya'yanta. Uba kuwa, idan ɗansa ya tambaye shi abin da bai sani ba, ya isa ya ce, “Zo mu tambayi Innarka, mu gwada mu gani.” Yaron da aka saba masa da neman hujja a kan ɗigon ruwa zai nemi hujja a kan maganin da aka tallata masa da labarin da aka kawo masa idan ya girma, kuma al'ummar da take da irin waɗannan 'ya'ya ita ce take samun likitoci da injiniyoyi da manoma masu basira. Allah ya ba iyaye da malamai ikon sauke wannan amana.